Ƙarancin bitamin D ne ya taɓa idon Mama?

Wata mai karatu ta aiko da wannan tambaya:

"Salamu alaikum likita. Mahaifiyata shekarunta 68. Wata huɗu da suka wuce likitan ido ya duba ta, ya ce tana da lalacewar makula ta tsufa, busasshiyar, a idanu biyu, kuma a na dama ta kai matakin tsakiya. Kwanan nan aka yi mata gwajin jini saboda ciwon ƙugu da take fama da shi, aka ce bitamin D ɗinta 14 ne, ya yi ƙasa. Na karanta a intanet cewa ƙarancin bitamin D yana kawo wannan ciwon ido. Shi ne ya jawo mata? In na saya mata mai ƙarfi, IU 10,000 a kullum, idon zai warke, ko aƙalla ciwon ya tsaya? Ni ma shekaruna 43, in fara sha don kada ya same ni?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita.

In na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko ƙarancin ne ya haddasa ciwon, ko cike shi zai ceci idon, da kuma ko ke za ki iya yi wa kanki rigakafi da shi. Bari in ba ki amsar a dunƙule kafin in warware ta. Gaskiya ne masu bincike sun sha tarar da ƙarancin bitamin D a jinin masu wannan ciwo. Amma da aka zo aka gwada, aka ba dubban mutane bitamin ɗin na tsawon shekaru, bai hana ciwon zuwa ba, bai kuma rage masa gudu ba. Don haka a gyara wa Mama bitamin D ɗinta, lallai a gyara, saboda ƙashinta da tsokarta. Shi kuwa idon kulawarsa daban ce, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kwalbar bitamin ta sa a saki jiki har a makara.

Abin da ke faruwa a cikin idon

A can bayan ƙwayar ido akwai wata shimfiɗa siririya da ake kira retina. Ita ke karɓar haske ta mayar da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarta akwai ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 da rabi ba, shi ne makula. Ɗan wurin nan da shi mutum ke karatu, da shi yake zura zare a allura, da shi yake gane fuskar jikansa daga bakin ƙofa. Sauran retinar gefe-gefe take gani. Shi ya sa mai wannan ciwo, ko da ya yi nisa, ba kasafai yake makancewa ɗungurungum ba. Yana ganin hanya, yana ganin giftawar mutum, amma duk abin da ya kafa wa ido sai ya dushe ko ya ɓace. Na fara da wannan ne domin na san kalmar makanta ce ke hana 'ya'ya barci.

Ƙwayoyin da ke karɓar haske a makula ba su da hutu, kullum suna zubar da tsofaffin sassansu suna sabunta su. A ƙarƙashinsu akwai wani layin ƙwayoyi da ke ciyar da su yana kwashe sharar. Da shekaru suka ja, masu sharar sai su gaji, dattin ya riƙa taruwa a ƙarƙashinsu. Idan muka leƙa da na'ura sai mu gan shi ɗigo-ɗigo rawaya, muna kiransa durusin. In matsakaita ne, ba su yi girma sosai ba, matakin farko ke nan. In sun girma, ko launin wurin ya fara canzawa, matakin tsakiya ke nan, inda idon Mama na dama yake. Daga nan ciwon na iya bin ɗaya daga hanya biyu. Ko dai ƙwayoyin su riƙa mutuwa a hankali, wurin ya yi ta faɗi shekara bayan shekara, ko kuma wasu sabbin jijiyoyin jini marasa ƙwari su tsiro daga ƙasa su riƙa yoyon ruwa da jini. Wannan ta biyun ita ce jiƙaƙƙiya. Masu ita ba su kai masu busasshiyar yawa ba, amma ita ce ke iya cinye gani cikin makonni.

Ciwon ba baƙo ba ne a duniya. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2014 ya ce masu shi za su kai miliyan 196 a 2020, su kai miliyan 288 a 2040. Abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi kuwa su ne tsufa, gado, da shan taba. A 2005 aka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna CFH, wadda ke da hannu wajen saita garkuwar jiki, yana ƙara haɗarin sosai. Taba kuma tana ninka haɗarin aƙalla sau biyu.

Inda zargin ya samo asali

Wanda ya rubuta abin da kika karanta ba daga sama ya tsinko shi ba. Gano CFH ya nuna cewa kumburi da garkuwar jiki suna da hannu dumu-dumu a ciwon, shi kuwa bitamin D an san yana lafar da kumburi. Ƙwayoyin retina suna da mazaunin da bitamin D ke kamawa ya yi aiki, kuma a ɗakin gwaji an ga yana rage tsirowar sabbin jijiyoyin jini. A 2012 masu bincike a Landan suka ba tsofaffin ɓeraye bitamin D na mako 6, suka ga kumburi da dattin da ke retinarsu sun ragu. Duk wanda ya ji wannan zai ce an kama bakin zaren.

Binciken mutane ma da farko ya goyi bayan haka. A 2007 aka duba bayanan mutum 7,752 daga wani babban binciken lafiya na Amurka da aka tattara tsakanin 1988 da 1994, aka ga waɗanda bitamin D ya fi yawa a jininsu ba su cika samun matakin farko na ciwon ba, kodayake ba a ga wata alaƙa da matakin da ya yi nisa ba. A 2011 Amy Millen da abokan aikinta suka duba mata 1,313 da suka daina al'ada, suka ga irin wannan alaƙa a matan da ba su kai shekara 75 ba, amma ba su gan ta a waɗanda suka haura ba. A 2015 suka sake dubawa, suka ga matan da suka haɗa ƙarancin bitamin D da gadon CFH mai haɗari daga uwa da uba sun fi sauran shiga haɗari kusan sau 7. Wannan adadin ne ya fi yawo a intanet, amma matan da suka faɗa wannan rukuni kaɗan ne ƙwarai, don haka ba adadi ne da za a jingina da shi ba.

A gefe guda kuma, wani bincike a Isra'ila a 2011, da ya kwatanta masu ciwon sama da dubu da waɗanda ba su da shi sama da dubu takwas, bai ga wani bambanci a bitamin D ɗinsu ba. A 2016 ƙungiyoyi biyu suka tattara binciken da aka yi a baya suka auna su wuri ɗaya. Ɗaya ta ce da alama akwai kariya, ɗayar ta ce babu hujja. Idan masana suka zauna da kusan takardu iri ɗaya suka tashi da hukunci biyu, ki san alaƙar ba ta da ƙarfi.

Akwai kuma wata hujja da nake yawan tunawa. A Amurka, baƙaƙen fata sun fi farare ƙarancin bitamin D a gwajin jini, domin launin fata mai duhu yana tare wani ɓangare na hasken da ke haɗa shi. Da ƙarancin ne babban mai laifi, da su ne za su fi kowa fama da wannan ciwo. Sai ga shi akasin haka ne: matakin da ya yi nisa ya fi yawa nesa ba kusa ba a cikin Turawa da zuriyarsu.

Tafiya tare ba ita ce jawowa ba

Ga abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya. Akwai wani dattijo da na daɗe ina dubawa, mutum ne mai son tafiyar ƙafa, kullum sai ya yi zagaye mai nisa da safe. Da ganinsa na tsakiya ya fara dushewa, sai ya gaishe da mutum da sunan wani, sai ya kasa ganin gefen titi ya yi tuntuɓe. Wata rana ya faɗi ya fasa goshi. Tun daga ranar ya daina fita, ya koma zaman ɗaki da rediyo a gefensa. Bayan shekara guda aka gwada jininsa, bitamin D ya yi ƙasa. In mai bincike ya zo a wannan ranar da takardarsa, zai rubuta: yana da ciwon makula, yana da ƙarancin bitamin D. Gaskiya ya rubuta. Amma idon ne ya hana shi rana, ba rashin rana ne ya ci idon ba.

Sannan ki duba wane ne ke da bitamin D isasshe a jini. Yawanci mutum ne mai fita waje yana motsa jiki, marar ƙiba sosai, mai cin kifi, wanda hanta da ƙodarsa ke lafiya, sau da yawa kuma ba ya shan taba. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tasa alaƙa da lafiyar ido. Ita kanta fatar tsoho ba ta haɗa bitamin D kamar ta matashi, ga shi tsufa ne uban wannan ciwo. Masu bincike suna ƙoƙarin tace waɗannan da lissafi, amma ba sa taɓa tacewa tas.

Mun taɓa ƙonewa a irin wannan. Shekarun baya an lura masu cin kayan lambu da yawa, waɗanda sinadarin beta-karotin ya yi yawa a jininsu, ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba. Aka ce to a ba mashaya taba shi a ƙwaya. Gwaji biyu manya, ɗaya a Finlan da aka wallafa a 1994, ɗaya a Amurka a 1996, suka nuna sankarar ƙaruwa ta yi a cikin waɗanda aka ba. Tun daga nan duk likitan da ya san aikinsa ba ya rubuta ƙwaya don kawai an ga alaƙa. Sai an raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan maganin, a ba waɗancan ƙwayar da babu komai a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba, sannan a jira.

An yi wa bitamin D wannan gwaji. Sunansa VITAL, an yi shi a Amurka da mutum 25,871, maza daga shekara 50, mata daga 55, kuma sama da 5,000 daga cikinsu baƙaƙen fata ne. Rabi suka riƙa shan bitamin D IU 2,000 a kullum (IU shi ne ma'aunin adadin bitamin da ke cikin ƙwaya), rabi ƙwayar banza, aka bi su shekara 5 da 'yan watanni. A 2020 William Christen da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon da ya shafi makula. Mutum 324 ne ciwon ya kama ko ya ƙaru musu: 163 a cikin masu shan bitamin D, 161 a cikin masu shan ƙwayar banza. Ki sake kallon lambobin nan biyu. Babu tazara. Man kifi da aka gwada tare a wannan gwajin shi ma bai nuna wani amfani a fili ba.

Adalci ne in faɗa miki inda gwajin ya gaza. Yawancin waɗanda suka shiga dama suna da bitamin D isasshe, matsakaicinsu a gwajin jini kusan nanogiram 31 ne a kowace mililita, waɗanda ke ƙasa da 20 kuma kusan ɗaya ne cikin takwas. Wanda tulunsa ke cike, ƙara masa ruwa ba zai nuna komai ba. Shekara 5 kuma gajeren lokaci ne ga ciwon da ke ɗaukar shekaru goma ko ashirin yana ginuwa, kuma ba a ɗauki hoton idon kowa da kowa ba, an dogara ne da rahoton mutane da takardun likitocinsu. Saboda haka ƙofar ba ta rufe ruf ba ga mai ƙaranci na gaske irin Mama. Amma a ra'ayina, in ma akwai amfani ga ido, ɗan kaɗan ne, kuma za ta same shi ta hanyar gyara ƙarancin yadda aka saba gyarawa. Babu wata hujja da ke cewa ninka adadin zai ninka kariya.

Lambar 14 da batun IU 10,000

Ki ɗauko takardar gwajin ki duba abin da aka rubuta a gaban 14 ɗin, domin ma'auni biyu ake amfani da su. In nanogiram ne a kowace mililita, 14 ya gaza amma bai kai can ƙasa ba: ƙasa da 12 ne ake kira ƙaranci sosai, 20 zuwa sama kuma ya wadatar da yawancin mutane, bisa matsayar da hukumar masana lafiya ta Amurka ta fitar a 2011. In kuwa nanomol ne a kowace lita, sai a raba da 2.5, ya zama bai kai 6 ba, wannan ƙaranci ne mai tsanani da ke iya laushe ƙashi, kuma yana iya zama shi ne tushen ciwon ƙugun. Na sha ganin an tayar da hankali ko an kwantar da shi a banza saboda ba a duba wannan ɗan rubutun ba.

Ko wanne ne, Mama tana bukatar magani, kuma dalilin yana da alaƙa da idon ta wata fuska. Mace mai shekara 68 da ganinta ya fara raguwa tana cikin babban haɗarin faɗuwa. In ƙashi ba ƙwari, tsoka ba ƙarfi, faɗuwa ɗaya na iya karya ƙugu, karayar ƙugu kuwa tana kwantar da tsoho fiye da yadda ciwon makula zai taɓa yi. Ciwon ƙugun ma kansa ya kamata likitanta ya bi diddiginsa, kada a ɗora wa bitamin D laifin duka.

Amma kada ki saya mata IU 10,000 a kullum da kanki. Abin da jiki ke bukata a rana IU 600 ne har zuwa shekara 70, daga nan 800. Iyakar da aka ce kada a wuce ba tare da kulawar likita ba ita ce 4,000. Bitamin D ba ya fita ta fitsari kamar bitamin C, a cikin kitsen jiki yake taruwa. In ya yi yawa sai ya jawo kalsiyam ya cika jini, daga nan sai ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, taurin bayan gida, ruɗewa, tsakuwar ƙoda, har ƙodar ta samu rauni. Haɗarin ya fi ga mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Abin da likita kan yi shi ne ya ba da adadi mai yawa na 'yan makonni ƙidayayyu, sannan a dawo ƙaramin adadi na kullum, a sake gwaji bayan kamar wata uku.

A nan ma sai an kula. Na taɓa duba wata baiwar Allah da aka rubuta wa ƙwaya mai IU 50,000 sau ɗaya a mako. 'Yarta, saboda tsananin son ta warke, kuma ba ta ji bayanin da kyau ba, ta riƙa ba ta kullum bayan karin kumallo har kusan wata uku. Ta zo min ne don duba ido, amma ina magana tana lumshe ido, leɓenta a bushe, ta sha ruwa sau biyu kafin mu gama. Na tambayi magungunanta, aka zazzage min jaka a kan tebur, sai ga kwalabe uku babu komai a ciki. A ranar aka kwantar da ita. Ta warke, alhamdu lillahi, amma makularta tana nan yadda take, ba ta ƙaru da komai ba.

Rana kuwa, fatar hannu da ƙafa ce ke bukatarta, ba ido ba. 'Yan mintuna a waje sun isa, kuma ta bayan gilashin taga ba ya aiki, domin gilashi yana tare hasken da ke haɗa bitamin ɗin. Kada a taɓa kallon ƙwayar rana da sunan magani. Makular ce take ƙonewa.

Abin da zai taimaki idon da gaske

Tunda idon dama ya kai matakin tsakiya, akwai haɗin bitamin da aka gwada aka ga amfaninsa, kuma Mama tana cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ce ta gudanar da gwajin, AREDS a 2001 da AREDS2 a 2013. Haɗin farko ya rage haɗarin kaiwa matakin da ya yi nisa da kusan kashi 25 cikin ɗari a shekara 5. Na biyun, wanda ake amfani da shi yanzu, ya ƙunshi bitamin C miligiram 500, bitamin E IU 400, zink miligiram 80, tagulla miligiram 2, lutin miligiram 10 da ziyazantin miligiram 2. An cire beta-karotin saboda batun sankarar huhu da na ambata, don haka duk wanda ya taɓa shan taba ya nisanci tsohon haɗin. Ki lura babu bitamin D a ciki. Ba ya warkarwa, ba ya mayar da abin da ya tafi, jinkirtawa kawai yake yi. Ki tambayi likitan idonta kafin ta fara, ki kuma gaya masa in tana shan maganin tsinka jini. Zink ɗin yana damun cikin wasu, shi ya sa ake sha tare da abinci.

Sai abu na biyu, wanda a wurina ya fi kowace ƙwaya muhimmanci. Busasshiya tana iya rikiɗewa ta zama jiƙaƙƙiya a kowane lokaci, kuma jiƙaƙƙiyar tana da magani mai aiki. Tun 2006 ake amfani da allurai da ake yi a cikin ido, irin su ranibizumab, bevacizumab da aflibercept, masu hana jijiyoyin nan yoyo. Jin sunan allura a ido yana firgita mutane, amma ana kashe zafin wurin da maganin ɗigawa, kuma ba ta ɗaukar minti. Yawancin waɗanda aka fara wa da wuri ganinsu yana tsayawa, wasu ma ya ƙaru. Wanda ya makara har wurin ya yi tabo kuwa, allura ba ta goge tabo.

Don a kama shi da wuri ake ba da takardar Amsler, wadda aka sa wa sunan likitan idon Suwizalan da ya ƙirƙiro ta. Layuka ne a tsaye da a kwance kamar raga, da ɗigo baƙi a tsakiya. A manna ta inda Mama ke gani kullum kuma akwai haske. Ta sa tabaraun karatunta, ta tsaya nesa da ita kamar tsawon kamu ɗaya, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta kafa ɗayan a kan ɗigon. In layukan sun lanƙwashe, ko wani wuri ya yi duhu ko ya ɓace, wanda jiya ba haka yake ba, a kai ta wurin likitan ido cikin kwana ɗaya ko biyu, ba sai ranar da aka ba ta ta komawa ba. Rufe ido ɗayan nan shi ne sirrin, domin lafiyayyen ido yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, mutum ya yi wata biyu bai san ɗaya ya tafi ba.

Ba na mantawa da wani malami mai ritaya da ya zo min bayan mako bakwai da fara ganin bakin ƙofar ɗakinsa a karkace. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa. Ya ce ya ɗauka ƙarin bitamin da ya fara sha zai daidaita abin, yana ba shi lokaci ne ya yi aiki. Da hoton retinarsa ya fito a allon kwamfuta, ruwa ya ɗaga makular kamar kumburin ƙuna, gefe guda tabo ya riga ya fara. Mun yi allurai, mun ceto abin da ya rage, amma karatu da wannan idon ya ƙare. Shi ya sa kika ji na dage tun farko.

Sauran kuwa sanannu ne. In akwai mai shan taba a gidan, ya daina, ko aƙalla ya nisanta hayaƙin da ita. A kula da hawan jini. A yawaita ganyaye masu kore shar, domin a nan lutin yake, da kifi mai maiƙo sau biyu a mako, wanda dama yana cikin 'yan abincin da ke ɗauke da bitamin D, tare da gwaiduwar ƙwai da hanta. Ga busasshiyar da ta yi nisa, Amurka ta amince da allurai biyu a 2023 masu rage saurin faɗaɗar wurin da ya mutu, amma ba sa ƙara gani, kuma Mama ba ta kai nan ba. In karatu ya fara yi mata wuya, fitila mai haske sosai daga bayan kafaɗa da gilashin ƙara girman rubutu suna yin abin mamaki.

Ke kuma

Kasancewar mahaifiyarki tana da shi ya ƙara miki haɗari, amma ba hukunci ba ne a kanki. Bitamin D ba zai zame miki rigakafi ba, gwajin VITAL wannan tambayar ya fi amsawa kai tsaye, tunda yawancin waɗanda suka shiga ba su da ciwon a farko. Haɗin AREDS2 ma ba naki ba ne, ba a ga amfaninsa ga wanda ba shi da ciwon ko wanda yake matakin farko ba. In ba kya samun rana, ko likita ya gwada ya ga naki ya gaza, ki sha adadin da aka saba saboda ƙashinki. Abin da zan ce ki yi wa idonki shi ne ki je a ɗiga miki maganin buɗe ƙwayar ido a duba retinar yanzu, ki gaya wa likitan tarihin Mama, shi zai faɗa miki bayan shekara nawa za ki riƙa dawowa. A wannan dubawar za a kuma auna miki hawan jinin ido, wanda shi ma ba ya sallama kafin ya shigo.

Ban ga idon Mama ba, ban ga hoton retinarta ba, don haka maganar likitan da ya duba ta tana gaba da tawa. Ranar da za ku koma, ki tafi da takardar gwajin jinin da duk magungunan da take sha a jaka ɗaya. Ki tambaye shi matakin da idon hagu yake, ko ta fara AREDS2, da lambar da za ku kira ko ƙofar da za ku nufa a ranar da layukan takardar suka lanƙwashe.